Bayan An Rage Tumbi: Shekara Biyu Da Rabi A Gidan Yayata A Tudun Wadan Zariya

Ranar da Yaya ta dawo daga Alkahira, cikin watan Nuwamban 2022, Inna ta sa an tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, an yanka kaji biyu, maƙwabta kuma sai shigowa suke da kwanuka. Haka muke tarbar wanda ya dawo daga jinya. Ita kuwa wadda aka yi girkin dominta tana zaune a bakin gado da ɗan kofin romon kaza da aka tace, tana kurɓa da cokalin shayi. Ta fi minti ashirin ba ta ga bayan rabin kofin ba. Inna ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Wai abincin ke nan? To wannan gyara aka yi mata ko ɓarna?"

Ni ce ƙanwarta. Ni na raka ta Masar, ni ke riƙe da takardun asibiti, kuma tun daga ranar nake rubuta nauyinta da sakamakon gwaje-gwajenta a wani littafi mai jan bango. Da izininta nake wannan rubutu, bisa sharaɗin ba zan kama sunanta ba. Abin da ya sa na ga ya wajaba in rubuta shi ne, tun da labarin ya fita, mata da yawa sun same mu a gida ko ta waya, kuma tambayarsu ba ta wuce biyu: nawa aka kashe, wane asibiti ne? Da wuya ka ji wadda ta tambayi yadda ake rayuwa bayan an sauko daga gadon tiyata, alhali a nan ne muka kusa rasa ta.

Yadda aka kai ga tiyata

Shekarun Yaya 44 a lokacin, 'ya'yanta biyar, tana sayar da atamfa da leshi a gida, tana saro kaya a Kantin Kwari. Jikinta ya fara buɗewa tun bayan haihuwa ta biyu, kuma ba wanda ya ɗauki abin a matsayin ciwo. Yabo ma ake yi: jikin hutu, Alhaji ya iya kiwo. A garin da wasu 'yan mata ke haɗiyar sha-ka-fashe don su yi ƙiba, wa zai ce wa matar aure ta yi hattara?

Da aka auna ta kafin tafiya, nauyinta kilo 128 ne, tsawonta mita 1.62. Likitoci suna da wani ma'auni da suke kira BMI, inda ake raba nauyi da tsawo sau tsawo. Nata ya kusa 49. Daga 30 ake cewa mutum yana da ƙibar da ta zama cuta. Tsohuwar ƙa'ida ta 1991 ta ce a yi tiyata ga wanda ya kai 40, ko 35 idan yana da wata cuta da ƙibar ta jawo, sannan a 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauto da ita zuwa 35, har ma 30 ga mai ciwon suga. Ta kowace aka bi, Yaya ta wuce layi. Shekararta bakwai da ciwon suga, ga hawan jini, ga gwiwoyi da suka sa ta koma sallah a kan kujera, ga minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci. Ta sha shayin rage ƙiba iri-iri, ta sha ruwan ɗumi da lemon tsami har haƙoranta suka fara tsami, ta bar cin dare. Takan zubar da kilo biyar, ta mayar da bakwai.

Aikin da aka yi mata likitoci na kiransa silib, wato hannun riga. Ba a farke ciki. Ƙananan huda ake yi, a zura na'ura mai kyamara, a yanke kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar da shi, a bar wani siriri mai siffar ayaba. Abin da aka yanke ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Amfaninsa biyu: wurin zuba abinci ya ragu ƙwarai, sannan ɓangaren da aka cire shi ne ya fi samar da sinadarin girelin, mai sa mutum jin yunwa. Akwai wani aikin da ake kira baifas, inda ake ware ɗan aljihu daga tumbi a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Wannan ya fi hana jiki tsotsar abubuwan gina jiki, amma silib ɗin ma bai kuɓuta daga wannan matsala ba, kamar yadda muka gani da idonmu.

Kwana uku ta yi a asibiti, muka ƙara mako guda a masauki. Aka sallame mu da ƙwayoyin bitamin na wata shida, da lambar WhatsApp, da takarda mai shafi biyu ta tsarin abinci. Aikinsu na tiyata ya yi kyau, ba ni da ta cewa. Amma abincin da ke cikin takardar nan, rabinsa ban taɓa ganinsa a kasuwar Tudun Wada ko ta Sabon Gari ba, kuma babu inda aka ambaci tuwo, ko kunu, ko fate.

Makonnin farko

Ƙa'idar ita ce a bi mataki-mataki, domin ɗinkin tumbi ya warke: kamar mako biyu na abu mai ruwa zalla, sai kamar mako biyu na abin da aka markaɗe ya yi sulɓi, sai abinci mai laushi, kafin a wajen mako na shida zuwa na takwas a fara taɓa abincin kowa da kowa, shi ma kaɗan-kaɗan. Faɗar wannan a baki ba wuya. Tsare shi a gidan da baƙi ke shiga da fita daga hantsi zuwa isha shi ne aiki.

A mako na uku wata gwaggonmu ta zo dubiya daga cikin birni, ta tarar na fita. Tausayi ya kama ta, ta gutsuro 'yar lomar tuwon masara ta dangwala a miyar kuka, ta ce, "Haɗiye wannan, 'yar nan, ki ji ƙarfin jikinki. Mutum ba ya rayuwa da ruwa." Yaya ta ji nauyin ƙi. Loma biyu ta yi, tuwon ya tsaya mata a ƙirji kamar dutse, ta kwana tana kakari da amai. Washegari ko ruwa ta sha sai ya dawo. Da na rubuta wa likitan, abin da ya fara tambaya shi ne kwana nawa take aman. Daga baya na gane dalili: jiki ba ya ajiye bitamin B1 fiye da na 'yan makonni, kuma mai wannan tiyata da ya daɗe yana amai zai iya rasa shi har abin ya taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, ya fara ruɗewa, tafiyarsa ta karkace. Allah ya taƙaita, nata ya tsaya a kwana biyu.

Ruwa ma sai da ya zama yaƙi. Lokacin hunturu ne, mutum ba ya jin ƙishi, ga shi an ce ta sha aƙalla lita ɗaya da rabi a rana, ita kuma ba ta iya kwankwaɗa, sai kurɓa. Da na ga fitsarinta ya yi ja, leɓenta ya bushe, sai na samo gora na ja mata layuka da biro: nan kafin azahar, nan kafin la'asar, nan kafin isha.

Kuskure mafi haɗari na wannan lokaci namu ne. An gaya mana da mun isa gida mu ga likitan da ke duba ta saboda a sake lissafin magungunan suga da na hawan jini, muka yi ta cewa sai ta ƙara warwarewa. Ta ci gaba da shan tsohon adadin maganin suga alhali ba ta cin ko kashi ɗaya cikin biyar na abin da take ci da. Wata safiya zufa ta karyo mata cikin sanyin Disamba, hannunta na rawa, maganarta na sarƙewa. Muka auna, sugan ya faɗi ƙasa warwas. A ranar likita ya tsayar da ɗaya daga cikin ƙwayoyin, ya rage na hawan jini.

Bakin mutane da azumin farko

Yaya ta zaɓi ta ɓoye irin aikin da aka yi mata. Duk wanda ya tambaya, sai ta ce aikin ciki ne, ai ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. To amma a wurinmu rama ba ta da fassara sai ciwo ko baƙin ciki. Cikin wata huɗu ta zubar da fiye da kilo ashirin da biyar, ƙasusuwan wuyanta suka fito, sai ƙus-ƙus ya fara: wasu su ce daji ne, wasu su ce ciwon zamani, wasu su ce sammu, wasu su ce Alhaji ne zai ƙara aure. Gashi kuma ya shiga zuba. Mai kitsonta ce ta fara lura, ta nuna mata matajin cike, ta ce, "Hajiya, wannan ba na lafiya ba ne." Zubar gashi tsakanin wata na uku zuwa na shida abu ne sananne bayan irin wannan aiki, saboda saurin rama da ƙarancin abin gina jiki, kuma yakan tsiro. Amma macen da ke kallon tsakiyar kanta a madubi ba ta jin wannan bayani. Na sha tarar da ita tana kuka.

Azumin 2023 ya kama ranar 23 ga Maris, wata huɗu da aikin, cikin tsakiyar zafi. Likitoci galibi suna ba da shawarar a haƙura da azumi a shekarar farko, kuma lissafin a fili yake: cikin da ba ya ɗaukar fiye da rabin kofi a lokaci guda ba zai iya tara ruwan yini a sahur ba. Yaya ta ce tun tana 'yar shekara goma ba ta taɓa shan azumi haka kawai ba. Ta ɗauka a ɓoye. Rana ta biyu bayan la'asar ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar kicin, sai da aka yi mata ƙarin ruwa leda uku. Ba maganar likita ce ta sauko da ita ba. Limamin unguwa ne, wanda Alhaji ya roƙa ya shigo, ya zauna daga bakin ƙofa ya tuna mata da ayoyin Suratul Baƙara da suka yi wa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, ya ce mata karɓar sauƙin da Allah ya bayar shi ma ibada ne. Ta rama azuminta da sanyin ƙarshen shekara, yau ta yi, gobe ta huta.

Lokacin da muka ɗauka an gama

Wannan shi ne ɓangaren da na fi so mai karatu ya tsaya a kai, domin duk abubuwan da na faɗa a sama masu ƙara ne, ana ganinsu a ruga asibiti. Wanda ya biyo baya shiru ya zo.

Zuwa tsakiyar 2023 Yaya ta sauko zuwa kilo 92. Ranar da ta fara kai goshinta ƙasa a sujada ba tare da kujera ba, ta daɗe ba ta ɗago ba. Suga ya daidaita har likita ya tsayar da sauran maganin, minshari ya tafi, ta koma zuwa Kano saro kaya da kanta. A daidai nan ƙwayoyin bitamin da muka zo da su suka ƙare. A daidai nan kuma aka cire tallafin mai, ranar 29 ga Mayu, darajar naira ta faɗi a watan Yuni, duk wani magani da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Da na je kantin magani na faɗa mata kuɗin irin wanda take sha, sai ta ce, "Bar shi kawai. Mai lafiya me zai yi da magani?" Na yi shiru. Na san an ce na har abada ne, amma ina ganinta garau, na bi son zuciyata. Wannan shirun nawa yana cikin abin da ya kwantar da ita, kuma har yau yana damuna.

Abincinta ma ya sauya ba tare da kowa ya lura ba. Nama yana yi mata wuyar wucewa. Tsire ko balangu in ba ta tauna shi ya zama gari ba, sai ya tokare ta. Tuwo yana yi mata nauyi. To me ke wucewa salin-alin? Shayi mai kauri da madara da sukari, kunun gyaɗa, koko, kunun zaƙi mai sanyi, zoɓo, cincin, biskit. Sai ta koma kansu. Ba ta taɓa zama ta ci abin da ya kai cikin tafin hannu ba, saboda haka kowa na cewa Hajiya ba ta cin komai, ita ma haka ta yarda. Amma fulas ɗin shayi na gefenta daga safe har dare, kwastoma ta zo a sha tare, a ɗan tsinci cincin. Ƙaramin tumbi yana tare abu mai tauri ne. Abu mai ruwa ko mai narkewa a baki zarcewa yake, bai cika wuri ba balle ya ce ya isa. Ta haka mutum zai sha sukarin da ya fi na da, da cikin da bai kai kofi ba.

Jiki ya yi mata gargaɗi sau ɗaya. A wani biki a Sabon Gari ta sha fura da nono da aka zabga wa sukari, ta bi da lemon kwalba. Ba a yi rabin awa ba zuciyarta ta shiga dukan uku-uku, zufa, jiri, murɗar ciki, sai banɗaki. Abin da ke faruwa shi ne zaƙin ya faɗa hanji da yawa a lokaci guda, ya jawo ruwa daga jini. An fi ganin haka ga masu baifas, amma masu silib ma yana samunsu. Mu kuwa muka ce nonon ne ya kwana.

Ga kuma gwiwa. In ta motsa mata, sai ta aiki yaro kemis ya sayo diklofenak, kamar yadda ta saba shekara da shekaru. Ƙwannafi ya matsa mata, wanda dama yana yawan biyo bayan silib, sai ta haɗa da omefirazol kullum.

A Janairun 2024 nauyinta ya kai mafi ƙanƙanta, kilo 84. Daga nan ya juya. Zuwa Agusta ya koma 93. Tana ƙara nauyi tana ƙara rauni: haki in ta hau matakala uku, kasala, mantuwa a lissafin bashin kwastomomi, ita da ba ta taɓa riƙe biro don wannan ba. Tafin ƙafarta ya fara yi mata kamar ana tsira allurai. Ta kama tauna ƙanƙara. Ranar da hankalina ya tashi sosai ita ce ranar da ta ce in ɗauko mata canji a jakarta, na ci karo da ƙullin farar ƙasa a leda, an gutsura an gutsura. Na ce, "Yaya, mene ne wannan?" Ta sunkuyar da kai ta ce wata uku ke nan ranta ba ya son komai kamarta, har ta yi zaton ciki ne.

Muka tafi asibitin koyarwa na Shika. Gwaji ya nuna ma'aunin jininta 8.7, alhali na mace bai kamata ya gaza 12 ba. Ajiyar sinadarin ayon, wanda jiki ke yin jini da shi, ta ƙare, bitamin B12 ya yi ƙasa, bitamin D ma haka. Likitar da ta gan mu ta zauna ta warware mana abin dalla-dalla. Kwaɗayin ƙasa da ƙanƙara alamar ƙarancin ayon ce. Jiki na buƙatar ruwan tsamin tumbi kafin ya tsotsi ayon da B12 daga abinci, sannan B12 na buƙatar wani sinadari da bangon tumbi ke fitarwa. An cire mafi yawan bangon, omefirazol kuma ya ƙara danne ɗan tsamin da ya rage. Metfomin, maganin sugan da ta sha shekara bakwai, shi ma yana rage B12, don haka ta shiga tiyatar da ajiya kaɗan. Tana haila duk wata. Shayi yana hana tsotsar ayon. Diklofenak da danginsa irin su ibufurofen suna ƙuje bangon ciki, har su sa jini ya riƙa tsiyaya ba a sani ba. Kowanne shi kaɗai da sauƙi. Ita ta haɗa su duka. Sai likitar ta dubi Yaya ta ce, "Hajiya, tumbin da aka cire ba zai tsiro ba. Ƙwayoyin nan su ne madadinsa, muddin rai."

Gyaran tukunya

Maganin asibiti bai ɗauki dogon bayani ba: allurar B12, da farko a jere, daga baya duk wata uku, maganin ayon, bitamin mai haɗe-haɗe kullum, kalsiyam da bitamin D, a raba shansu da na ayon da aƙalla awa biyu domin suna ture juna, a bar diklofenak, in gwiwa ta tashi a sha farasitamol, gwajin jini duk wata shida har a ga ya zauna, sannan duk shekara. An kuma nuna mana cewa ba dole sai mai tsadar nan na waje ba, akwai masu sauƙin kuɗi da za a haɗa su biya buƙata. Alhaji ya sa kuɗinsu cikin na cefanen wata, don kada ya zama abin da za a riƙa roƙo.

Wanda ya fi wuya shi ne na gida. Mai ba da shawara kan abinci da aka tura mu wurinta ta ce ba za ta yi magana da Yaya ita kaɗai ba, a zo da mai girki da mai cefane da duk wanda ke da ta cewa a kan tukunya. Muka je da Inna da Alhaji da babbar 'yar Yaya. A ganina wannan zama shi ne ainihin abin da ya juya lamarin, domin a ranar ne Inna ta fahimci cewa tura wa 'yarta kwano ba ƙauna ba ce a wannan hali, ta kuma samu wata hanyar nuna ƙaunar.

Doka ta farko ta ci karo da tarbiyyarmu kai tsaye: nama kafin tuwo. Mu da aka raina a kan cewa yaron kirki sai ya gama tuwo yake taɓa nama, yanzu an ce ta fara da kifi ko ƙwai ko wake, sai ganye, in wuri ya rage ta yi loma biyu ta tuwo. Dalili, ana so ta samu aƙalla giram 60 na furotin, wato abin gina jiki, a rana, in ba haka ba jiki zai riƙa cin tsokarsa. Ƙwai ɗaya kamar giram 6 ne, kofin kindirmo kamar 8, yankan kifi mai girman tafin hannu kamar 20. Da aka buga lissafin abin da take ci a da, bai kai rabi ba. Doka ta biyu, kada a haɗa ci da sha: ta bar ruwa rabin awa kafin abinci da rabin awa bayansa. Duk wanda ya saba kora tuwo da ruwa ya san wannan ba ƙaramin horo ba ne. Ta uku, a ci a zaune, a lokaci sananne, a ƙaramin faranti, a tauna sosai, da ta ji alamar cika ta tsame hannu ko da saura loma ɗaya. Tsinci-tsinci tsakanin abinci ya ƙare.

Abin da ya ba ni mamaki, babu abu ɗaya da muka nema a wajen Zariya. Da safe dafaffen ƙwai biyu, ko alala da aka sa wa kifi. Da hantsi kindirmo ba sukari. Da rana farfesun kifi ko na kaza da ya dahu luguf, da kwaɗon zogale ko rama da ɗan garin ƙuli. Da la'asar awara, amma dafaffiya cikin miya maimakon soyayya. Hanta sau ɗaya a mako. Gwaiba ko ɓarin lemon zaƙi kusa da lokacin shan maganin ayon, domin bitamin C na taimaka masa shiga jiki. Shayi ya koma kofi ɗaya, ba sukari, nesa da abinci. Fate kuwa, wanda Kanawa ke tsokanarmu da shi, Yaya ta ce a kashe ta a kansa. Inna ce ta samo mafita: ta rage tsakin ya zama ɗan kaɗan, ta ƙara wake da rama da yakuwa, ta marmasa busasshen kifi a ciki, ta yi shi da kauri yadda za a ci da cokali ba a sha ba. Yanzu duk gidan irinsa ake ci, kuma tumbin Alhaji ma ya ragu.

Sai ta daina ɓoyewa. A gidan suna ko biki, in an ce, "Haba Hajiya, ko raina mana abincin kika yi?" sai ta ce, "Wallahi an rage mini ciki ne a asibiti, wannan ɗan shi ne ƙoshina. Ku ƙulla mini sauran in kai wa yara." Maganar daji da sammu ta mutu a mako guda.

Motsa jiki ta fara shi a tsakar gida, zagaye ashirin bayan sallar asuba. Daga baya ita da wata maƙwabciya suka riƙa fita da hijabansu kafin rana ta ɗaga, su miƙa ta wajen Kongo su dawo, rabin awa, kwana biyar a mako, wanda ya yi daidai da minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara. Da aka ce tana buƙatar abin da zai ƙarfafa tsoka, ba mu nemi ƙarfen ɗagawa ba. Ta karɓi taɓarya daga hannun yara, ta koma dakan yaji da na daddawa da kanta.

Akwai abin da babu gwajin da ke nuna shi. Shekara ashirin, in Alhaji ya dawo da daddare yakan shigo da ƙunshin tsire, su baje takarda su ci su biyu bayan yara sun kwanta. A nan suke hirarsu, a nan ake sasanta saɓani. Bayan aikin, ya ga ba ta iya ci, sai ya daina sayowa don kada ya sa ta kwaɗayi, hirar ma ta bi tsiren. Ta daɗe ba ta faɗa wa kowa ba. Wata rana ta ce mini, "Ni ba naman nake kewa ba." Da ƙyar na samu ta yarda ta gaya masa. Yanzu yana shigowa da gasasshen kifi, ta ci ɗan gefe, ya cinye sauran.

Inda ake yanzu

Azumin 2025 ya kama ranar 1 ga Maris, kuma ta ɗauke shi da amincewar likita bayan an duba jininta. Takan buɗe baki da dabino ɗaya da 'yan kurɓin ruwa, ta yi magariba, ta jira, sannan ta ci ƙwai ko farfesu. Ta yi ta kurɓar ruwa har ta kwanta. Sahur kindirmo da alala. Kunun tsamiya mai sukari da tulin ƙosai sai dai ta gani a gaban wasu. Kwana huɗu ta sha, ranakun da jiri ya nuna mata ruwa bai isa ba, kuma ba ta yi gardama ba.

A shafin ƙarshe na jan littafina, nauyinta kilo 87 ne, jini 12.1. Allurai sun bar tafin ƙafa, sai ɗan abin da ba a rasa ba a babban yatsa na hagu. Tana shan ƙwayar hawan jini ɗaya. Suga ya ɗan fara ɗagowa a gwajin baya, likita ta ce a sa ido, domin yakan dawo wa wasu bayan shekaru. Ƙwannafi bai bar ta ba. Ba ta cin komai awa uku kafin barci, kuma an ɗaga kan gadonta da bulo. Fatar ciki da ta damtse ta saki, da zafi takan yi ƙuraje a cikin ninkin, sai ta riƙa wankewa tana busarwa da kyau. An ce akwai tiyatar cire ta, ta ce wuƙa ɗaya ta ishe ta.

Makon jiya wata yarinya 'yar unguwarmu ta shigo, shekararta 29, shekara shida da aure ba haihuwa, an ce mata ƙiba ce ta hana. Ta riga ta sayar da sarƙarta. Ta durƙusa ta gaida Yaya, ta ce lambar asibitin take so. Yaya ta ce in ɗauko littafin da ledar magunguna, ta zazzage su a kan tabarma, ta sa ta karanta shafin Agustan 2024 da bakinta. Ta gaya mata cewa in an yi aikin sai ta jinkirta ɗaukar ciki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ita da ke ƙirga watanni. Ta tambaye ta wa ke girki a gidansu, wa ke cefane, uwar mijinta ta sani, wane likita ne zai riƙa duba jininta a nan Zariya in ta dawo. Yarinyar ta ce ba ta yi tunanin ko ɗaya ba.

"To je ki ki yi," in ji Yaya. "Lambar tana nan, ba zan hana ki ba, ni ma da za a mayar da ni baya zan sake yi. Amma ba ke kaɗai zan ba ba."

Ta ce za ta dawo ranar Asabar da mijinta.